Ranar da Baba Ya Share Mini Gona

Na dawo daga Jos ba mota, ba mata, ba ko agogon kirki, sai kwalin taliya guda da na rungumo tun daga tasha har ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Yaran gida suka yi ta zagaye kwalin suna zaton dankalin Turawa ne. Da na buɗe, sai ga 'yan guntayen rassa, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Innarmu ta leƙa, ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To, Allah dai ya sa kanka ƙalau ka dawo."

Fure ne da na koyi nomansa a lambun wani dattijo da na yi wa aiki a can. Sunansa na littafi kirisantimam, amma a garinmu ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa, furen Jos kawai ake cewa. Akwai fari, akwai ruwan ɗorawa. Masu ƙawata wurin biki a Kano suna nemansa, kuma daga nesa ake kawo musu shi, ya iso a galabaice. Ni kuwa na ce bari in noma shi a nan kusa da su. In ya karɓe ni, na zauna gida ke nan. In bai karɓe ni ba, dole in sake ɗaukar jaka, don ƙannena sun riga sun cika gonar Baba, kuma ba ni da niyyar yi wa ƙanina ƙwadago.

Baba manomi ne na asali, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. A wurinsa tsiro iri biyu ne a duniya, wanda ake ci da wanda ake nomewa a yar. Da na roƙe shi fili sai ya tambaye ni, "Me ake ci a jikinsa? Ganyen ko saiwar?"

"Ba a ci, Baba. Kallo ake yi."

"Kallo. Kuma a biya ka?"

"A biya ni."

"Lallai Kano ta lalace."

Ya ba ni wani siririn fili can ƙarshen gona, inda ruwan kanal ke isa a gajiye, bisa sharaɗin kada in sake kawo masa zancen furen nan, ko da na alheri ne. Na kuwa riƙe sharaɗin.

Furen nan ba da ƙwaya ake shuka shi ba. Kan reshe mai taushi ake yankewa da reza, a tsige ganyen ƙasa, a soka shi cikin yashin da aka gauraya da ƙonannen ɓuntun shinkafa, wanda masu injin casar shinkafa na Kura ke neman mai kwashe musu. A yi masa rumfar kara, a riƙa yayyafa masa ruwa kaɗan-kaɗan, don in ka malala masa irin na shinkafa ruɓewa zai yi. In ya yi saiwa a dasa shi a fangali. Sannan da ya miƙe ya fara kyau, sai ka tsinke masa kai don ya yi rassa. Ranar da maƙwabcin gonarmu ya gan ni ina bi ɗaya bayan ɗaya ina tsinke kawunan shukar da na sha wahalar raino, da yamma sai ga matarsa ta aiko wa Inna da rubutu a kwalba, wai a ba ni in sha in shafa.

Da sanyi ya kankama sai fure ya buɗe, kowane kai ya cika tafin hannu. Masu babur suka riƙa tsayawa a hanyar kanal, 'yan mata na zuwa ɗaukar hoto, dattawa na tambayata yaushe zai fara 'ya'ya. Baba kuwa in zai wuce sai ya kau da kai, kamar wanda ya haɗu da surukarsa a hanya. Amma na san yana gani, don ruwa ya fara isowa filina da ƙarfi, kuma ba ni na buɗe masa hanya ba.

Na yi ta yanka ina kaiwa Kano a bokitai, aka kuwa saya. Wata hajiya mai ƙawata wurin biki ta ce in ƙara yawa baɗi, duk za ta ɗauka. Abin da ya rage a filina shi ne kututture, guntaye, baƙaƙe, ba kyan gani ko kaɗan. To su ne dukiyar. Daga gindinsu sabon tsiro ke fitowa, shi ake yanka a dasa wata shekara. Kuma ba ni da inda zan samo wasu, don dattijon Jos ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da lambun an yi gini.

Da na kai kaya na ƙarshe, na ɗan kwana biyu a Kano wurin wani abokina. Ranar da na dawo sai na bi ta gona kafin in shiga gida, na tarar da filina fes. An tuge komai, an share, an baje ƙasa, har bakin fangali an gyara. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma na san hannun, don mutum ɗaya ne a yankinmu ke sharar gona haka.

Haka ake yi a garinmu. In an gama girbi a share, a tara tarkacen a gefe ya bushe a cinna masa wuta. Gonar da aka bari da kututture gonar malalaci ce. Sai dai Baba bai taɓa sa fartanyarsa a filin kowa ba, ko na ƙannena. Iyakarsa ya tsaya a kansu ya yi faɗa.

Na same shi zaune a gindin mangwaro yana jirana, da ƙullin buhu a gefensa.

"Na ga ka gama girbi ka bar wuri kamar kufai," in ji shi, "shi ne na rage maka aiki." Ya turo mini buhun da ƙafa. "Ga irinka nan. Ku yaran yanzu sai ku sayar da komai ku manta da baɗi."

Na kwance. Busassun kawunan fure ne, waɗanda na riƙa zubarwa don sun lalace. Ashe bi yake yi a ɓoye yana tsincewa, ya shanya su, ya barbaɗa musu toka saboda ƙwari. Ya san rake da rogo yanka su ake yi a dasa, amma a saninsa duk abin da ya yi fure irin wannan dole ya ajiye ƙwaya, in ba haka ba wahalar me ya sha.

Na ji kamar in faɗi ƙasa in yi birgima. Haushi ya kama ni, dariya ta taso mini, tausayinsa kuma ya fi su duka. Tun da nake bai taɓa yi mini alheri irin wannan ba, ga shi alherin ya kashe ni.

"Baba, babu komai a cikin wannan. Irin shi ne abin da ka tuge."

"Itacen?"

"Itacen."

Ya dubi filin da ya share. "Wace irin shuka ce wannan marar tarbiyya?" Ya dafa ƙasa ya miƙe. "Ban sa wuta ba tukuna. Jiya iska ta yi yawa."

Tsibin kututturen da ya tuge yana bakin hanya. Na sama sun bushe ƙarau, kana taɓawa suna karyewa. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa da suka sa yake sallah a zaune, ya shiga tono. Can ƙasa akwai masu ɗan danshi. Ya riƙa ɗago su ɗaya-ɗaya yana cewa, "Wannan fa?" Ni kuma in kankare da farce, in na ga kore in ajiye gefe. Ba su da yawa. Kaɗan daga cikinsu ne suka tofo daga baya, farare zalla, kuma duk furen da nake yanka yau jikokinsu ne. Amma a ranar ba wanda ya san za a samu ko ɗaya.

Na kwashe su zan nufi filina, ya ce a'a, can ruwa ba zai isa ba in zafi ya shigo. Ya wuce kai tsaye zuwa fangalinsa na bakin kanal, wanda mangwaro ke yi wa inuwa bayan azahar, inda albasarsa ke tsaye shar, saura kaɗan ta ƙosa. Ya sunkuya ya fara tuge ta.

Maƙwabcin nan namu ya zo wucewa da wasu mutane, suka ja suka tsaya.

"Alhaji, lafiya? Ɗanyar albasa kake tugewa?"

Baba bai ɗago ba. "Irin ɗana na kashe. Ku wuce, kuna tare mini haske."

Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira ni ɗansa ba, a gaban mutane ko a bayan idonsu. "Wannan" yake cewa, ko "yaron can". Maƙwabcin ma kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai ya ja mutanensa suka wuce. Idona ya kawo ruwa, na ɗora wa albasa laifi. Baba ya miƙo hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba, na sa masa kututture na farko.