Tanderun Kawu Mudi da Tarwaɗar Inna Safura

Ku da kuka san Kawu Mudi Kuku kun san ba ya sayen itace sai ya sunsuna. Zai tsaya gaban mai itace a bakin kasuwar Malanbil, ya zaro ɗaya, ya kai hanci, ya lumshe ido kamar mai zaɓen turare. Ya ajiye, ya zaro wani. Wata rana wata mai itace ta gaji da tsayuwa ta ce, "Baba, ci za ka yi ko hura wuta?" Ya ce, "Ɗiyata, dud abin da wuta ta ci, bakina shi ka ƙarewa." Ya sunsuna dami kusan biyar, ya tafi bai sayi ko tsinke ba.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, hannun matarsa Inna Safura. Shi kuwa yawancin shekarun nan yana Kwatano, yana girki a gidan abincin wani Bature ɗan Italiya, sai da salla muke ganinsa. Inna ce ta riƙe gidan da bandar kifi. Da ƙarfinsa ya fara raguwa ya dawo gida gaba ɗaya, da akwati guda da labari cike da baki, kuma duk labarin na abu ɗaya ne, wai piza. Faifan burodi ne, in ji shi, a shafa masa tumatur, a barbaɗa cuku, a gasa a wuta mai zafin gaske. Ministoci sun ci tasa, matuƙan jirgin sama sun ci.

Inna tana jera kifi ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Duniya duk ta ci girkinka, Malam, ban da mu."

Kawu ya ce ai shi ya sa zai gina tanderu nan bayan gida, kuma ba zai mutu ba sai ta ci pizar hannunsa. Ta ce, "Gina abinka. Ni dai ba ni cin abin da yat tsare ka can." Muka yi dariya, muna zaton wasa ne. Su biyun kuwa ba wanda ke wasa.

Abin da ya fara yi shi ne tara kwalabe. Kullum da hantsi sai ga shi kan kabu-kabu, babur ɗin haya, buhu na ƙara a bayansa, daga gidajen da kuka sani can wajen tashar manyan motoci. Kwalaben giya, jama'a! Dattijo mai sahun gaba! Magana ta zaga unguwa har liman ya yi sallama da kansa, ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye a kan sharrin zaman birni da rahamar Mai karɓar tuba. Kawu ya bari sai da ya gama, sannan ya ja shi bayan gida ya nuna masa dandamalin da ya gina. A ciki za a jera kwalaben, a rufe da yashi, a shimfiɗa jan bulo a kai, don kada ƙasa ta shanye zafin wuta.

Liman ya ce, "To mi ya hana ka tara na lemu?"

"Malam, na lemu ba su da jiki. Kuma ka diba, kwalbar giya ƙarƙashin wuta har abada, ai hukuncinta ya hwara tun nan duniya."

Liman ya riƙe gemu, ya yi addu'a ya fita.

Sai aka zo rufi. Shi tanderun ana tara jiƙaƙƙen yashi ne a kan dandamali, a mulmula shi ya yi tudu, a jera bulo a kansa da laka, in ya bushe a kwashe yashin ta ƙofa. Kawu ya gama mulmula tudunsa ke nan, ya yayyafa masa ruwa, sai ga abokinsa Garba masunci daga Garu. Garba ya ga sabon tudu jiƙe a bayan gida, ya ga Kawu durƙushe gabansa duk laka. Ya cire takalmi ya ce, "Inna lillahi! Mudi, wa munka rasa ba a aiko mini ba?"

Kawu ya ce, "Garba, in ka gama ta'aziyya miƙo mini bulo."

Ranar ma Garba bai koma da filafilin tuƙa jirginsa ba. Kawu ya juya shi a hannu ya ce ya yi daidai da zura burodi cikin wuta, ya fere masa baki tun mai shi na tsaye yana rantse-rantse.

Amma abin da ya fi ba mu dariya, ya kuma fi ƙona wa Kawu rai, shi ne busar da tanderun. Sabon gini ba a buga masa babbar wuta, sai ya tsage. Ƙaramar wuta ake sa masa kwana da kwanaki, ta yi ta ci a hankali. Ana cikin haka Kawu ya tashi tafiya Tumbutu, wani ƙauye nan kusa da mu, neman wagashi, cukun nan na Fulani. Ya tsaya kan Inna yana jaddadawa: wuta kaɗan, kada ta yi harshe, hayaƙi kawai.

To, ku gaya mini, macen da ta yi rayuwarta a bakin banda, ka nuna mata ɗaki rufaffe mai ƙaramar wuta da hayaƙi na tashi a banza, ga kwandon tarwaɗa an kawo daga gulbi da safe, me kuke zato? Ta nemo ragarta ta waya ta banda, ta jera tarwaɗa har bakin ƙofa, ta toshe da kwano.

Kawu tun daga bakin titi hancinsa ya gaya masa. Ya shigo da gudu, ƙwaryar wagashi na tangaɗi a hannunsa.

"Safura! Mi kinka yi mini?"

"Abin da ka ce. Wuta kaɗan, hayaƙi da yawa. Wanga in ba banda ba mi na na?"

"Tanderun Italiya na!"

"To Italiyawa sun iya banda. Ban taɓa samun kihi mai kyawon wanga ba."

Ɗanyar laka ta riga ta sha man kifi ta ƙoshi. Kawu ya kankare, ya ƙona ɓawon lemu a ciki, ya ƙona kanumfari, duk a banza. Da an hura wuta sai kyanwoyin unguwa su jeru a kan katanga.

Ranar pizar farko gidan ya cika. Ya murza ƙulli, ya jefa shi sama ya cafe, yara na ihu. Ya zura da filafili, ya zaro, sai ga wagashi zaune daram yadda aka yanka shi, ko gezau. Inna ta leƙo ta ce, "Burodin ga mota ta taka shi?" Ta koma ɗaki. Washegari Kawu ya koma har Tumbutu ya kai ƙara wurin Bafulatanar da ta sayar masa da wagashin, wai cukunta ba ya narkewa. Ta ce, "Baba, don ba shi narkewa aka sayen shi. Mai narkewa mu nono muka ce mishi."

Daga baya ya haƙura da wagashi yadda Allah ya yi shi. Ya haƙura da ƙanshin kifi ma, har ya fara marmasa bandar Inna a kai, da albasar Garu da ɗan tattasai. Wallahi abin ya yi daɗi! Duk Juma'a bayan masallaci sai ya gasa, maƙwabta su ci, liman ya ci, har ma'aikatan duwan, wato kwastan, na bakin gada suna aiko da kwano. Kuma duk Juma'a sai ya yanke yanki mafi kyau, ya rufe da faifai, ya ajiye gefen tabarmar Inna. Ita kuma ta kira jikoki ta raba musu. Yana gani, sai ya juya ya kama share toka. Tun muna dariyar abin har ya daina ba mu dariya, don mun ga yana cinsa a rai.

Daminar bara ƙafafunsa suka ƙi. Wata Juma'a ya sa aka ɗauke shi da kujera aka kai shi gaban tanderu. Ya murza ƙulli a kan cinyarsa, ya shafa tumatur, ya jera komai, amma da ya ɗaga filafili sai ya kasa kai shi bakin tanderu. Na miƙa hannu zan karɓa, sai na ji Inna a bayana.

"Kauce. Ke ba ki san wuta ba."

Ta karɓa ta zura. Kawu na zaune yana ba da umarni kamar jandarma: "Juya ta! Ba can ba, hagu! Safura, za ki ƙone ta!" Ita kuma tana cewa ya rufe mata baki, tun ba a haifi Baturensa ba take gaban wuta. Pizar ta fito gefe guda baƙi ƙirin. Inna ta ajiye a faifai, ta zauna ƙasa kusa da ƙafarsa, ta gutsura, ta kai baki. Duk muka zuba mata ido, tana ta tauna.

Kawu ya kasa daurewa ya ce, "Yaya?"

"Gishiri ya yi kaɗan." Ta sake gutsurar wani babba.

"Ke da kin ce ba ki ci?"

"Wanda yat tsare ka can na ce ba ni ci. Wanga nan gida anka yi shi, kana zamne gabana."

Kawu ya yi ta dariya har hawaye na bin gemunsa, ita kuma ta ci gaba da ci, har gefen da ya ƙone ba ta bari ba. Daminar nan ce ta ƙarshe gare shi, bai ga kaka ba.

Allah ya jiƙan Kawu Mudi, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ya ba Inna Safura haƙurin zama bayansa, ya sake zaunar da su wuri ɗaya a gidan da ba a tafiya a bar kowa. Amin.