Na kusa lalata motar da Baffa ya aro

"Rabi, maza kawo galan ɗin baƙin mai, motar nan ta bushe!"

Baba ne ya ƙwala min kira jiya da safe. Kullum yakan auna man a-kori-kurarsa kafin ya tayar da ita, sai ya haɗa da motar da ƙanensa, Baffa Sani, ya zo da ita Malumfashi.

Har na karkata galan, sai ga Baffa a guje ba takalmi.

"Yaya, ku rufa min asiri, motar aro ce! Idan mai ya yi yawa injin zai lalace."

"Ga sandar awo a bushe, Sani!"

"Ba irin taka ba ce. Ba ta ajiye mai a kaskon ƙasan inji, tankinta daban. Famfo ɗaya na zuƙo man zuwa tanki, wani na tura shi cikin inji, ko an sha kwana da gudu ba ya yankewa. Idan ta kwana man yana gangarewa daga tanki, sai ta yi zafi ake aunawa."

Aka tayar da ita, da ta yi zafi, sanda ta nuna mai cike. Baba ya yi salati. Ni kuwa na rufe galan na mayar da shi.

Masu mota, don Allah kun taɓa ganin irinta?