Ruwan rijiyarmu a saman Sudan

Inna, mahaifiyata, tana da shekara bakwai lokacin da mahaifinta ya bar Filinge a ƙafa, ya nufi Makka. Bai dawo ba. Wani abokin tafiyarsa ne ya zo daga baya da labarin cewa sun yi shekara biyu a hanya, suna noman ƙodago suna ci gaba, da suka ƙetare Cadi suka shiga Sudan zazzaɓi ya kayar da shi. An binne shi a gindin wata aduwa. Iyakar abin da muka sani ke nan.

Shekarar da Allah ya kira mu hajji ni da ita, ta bi gida-gida tana neman gafara, ta nuna wa matata irin geron da za a shuka, kamar mai tafiyar shekaru. Na yi ta tsokanarta cewa kafin furar da ta dama ta yi tsami mun sauka Jidda. Ta ce boko ya lalata mini kai.

Sai a Baleyara, a hanyarmu ta zuwa Yamai, da motarmu ta tsaya salla, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wata 'yar kwalbar turare cike da ruwan rijiyar da mahaifinta ya haƙa. A wajenmu, wanda ya ziyarci kabarin wani nasa yakan yayyafa masa ruwa. Ita a lissafinta, jirgi ma zai yada zango a hanya don mutane su yi salla, ta sauka ta tambayi inda aduwar take. Na kasa faɗa mata gaskiya. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Mun tashi daga Yamai da hantsi. Daga can zuwa Jidda wajen kilomita dubu huɗu ne, tafiyar awa biyar da wani abu. Ni da na karanta haka a takarda, sai da na yi mamaki da na ga kogin Kwara ya koma kamar zare. A bayan kujerar gabanmu akwai ɗan allo mai taswira, da hoton jirgi yana rarrafe a kai. Na nuna mata Nijar, na nuna mata Cadi. Da ta tambayi inda za a tsaya, na ce ba a tsayawa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai juya ta dubi taga.

Awa uku da tashinmu, ɗan jirgin ya taka layin Sudan. Na taɓa hannunta na ce mun zo. Ƙasa tana can nesa, ja, babu itace ko ɗaya da ido zai kama. Ta tambaye ni awa nawa muka yi, na faɗa mata. Motar da ta kai mu Yamai daga gida ma ta fi haka daɗewa a hanya. Ta maimaita a hankali, kamar tana auna shi da shekara biyun.

Sannan ta buɗe kwalbar, ta zuba ruwan a tafin hannunta, ta shafa wa gilashin taga. Ta yi Fatiha, na ce amin.

"Ashe nan kusa yake," in ji ta. "Ko Yamai ta hi shi nisa da gida. Ni ce ban zo ba."