Filasta a Babban Yatsa

Dattijon da ke gefena a tashar mota ya naɗe babban yatsansa da filasta. Ba ciwo ba ne. Sai goga shi yake a fuskar waya, wayar ta ƙi motsi.

"'Yata ce ta sa na yi alkawarin ɗaure shi," in ji shi. "Wai kallon bidiyon haɗari zai ƙarasa ni. Yatsan nan kaɗai ya iya latsa wayar."

'Yar tasa yake jira, amma motar da ta hau bai ga ta iso ba, lambarta ba ta shiga. Da alama ita kaɗai ta rage masa.

Can wani direba ya ce an yi karo a hanya.

Dattijon ya kai yatsan baki, ya kama filastar da haƙori.