Wankin Ƙirjin Kaka

Daminar da tari ya kama kakata, ni na raka ta daga Kara zuwa asibiti a Gwarzo. Likita ya ce a yi mata hoton ƙirji. Ta shiga ɗakin tana jan carbi, ta fito tana gyara mayafi, mai ɗaukar hoton ya ce, "Inna, ku ɗan zauna a wanke."

Hoton yake nufi. Amma kafin mu iso gida Kaka ta gama gaya wa mai babur cewa an wanke mata ƙirji da haske. Ta ci tuwo har da neman ƙari, ta ƙulle ƙwayoyin da likita ya ba ta a bakin zani, ta ce wanda aka yi wa wanki me zai yi da ƙwaya.

A lokacin akwai wani malamin firamare ɗan Kabo da ke zuwa zance wurina. Na daɗe ina jiran ya kira ni hasken zuciyarsa, kamar yadda samari ke yi a littattafan da ke ƙarƙashin matashina. Ranar da ya ambaci haske kuwa, na injin asibiti ne. Ya ce ya karanta a waya wasu masana na ganin ɗan kaɗan daga wannan haske yana iya zaburar da jiki, har ya ƙara tsawon rai, wasu kuma sun ce ko kaɗan ɗin ba a rasa illa, kuma har yau ba su daidaita ba.

Kaka na bayan zana tana tsinke zogale. Rabin farko kawai ta ɗauka.

"Kin ji mai wayar nan naki? Gobe a mayar da ni."

Na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki littafi in ajiye, in fita tsakar gida in dawo. Ina so maganar ta zama gaskiya, don da muryarsa ta fito. Amma ina jin Kaka tana zagayawa bayan rumbu ta yi tarinta a ɓoye, kuma zaninta ya fara yi mata yawa.

Na koma wurin likita ni kaɗai. Ya ce hoto gani yake yi, ba ya warkarwa, kuma ba a maimaita shi haka kawai. In Kaka ta shanye maganin za su sake, su duba.

Na tarar da ita a gindin turmi.

"Kaka, sun ce za su sake wankewa. Amma dattin ya kama, sai an jiƙa tukuna. Ƙwayoyin nan su ne jiƙon."

Ta harare ni.

"Ke da ko zanin kanki ba kya jiƙawa."

Ta kwance bakin zanin, ta ce in miƙo mata moɗa.