Ranar da baƙo ya raba karta

Jiya a jirgin ƙasa na Panyu, a nan Guangzhou, wani tsoho ya fito da karta yana karkaɗawa, sai ƙarar ta mayar da ni falonmu, ina 'yar shekara tara.

Duk Juma'a bayan la'asar abokan Baba kan hallara a gidanmu. Ba a sa kuɗi, Baba ya ce caca ba ta shiga gidansa, dabino ake zubawa a faranti. Dokar guda ce: wanda ya raba shi ke zaɓen irin wasan, kuma ba a ja da shi. Da can kowa da nasa salon, wani a ɓoye biyar a canja uku, wani bakwai.

A daminar nan ta Guangzhou, da bango ke tsattsafo da ruwa, sai na lura duk wanda rabo ya zo kansa wasa ɗaya yake zaɓa: a baje karta a fili, mai rabo yana faɗin kowace da ƙarfi. Na tambayi Kawu, ƙanin Mama. Ya ja kunnena a hankali ya ce, "Idon babanki ne ya fara rauni. Ki rufe bakinki." Ka sani, aikin Baba duba ɗinkin jaka ne a masana'antun Shiling. In labarin ya kai Kano, wa zai ƙara aiko masa da oda?

Ranar nan aka zo da baƙo, wani babban ɗan kasuwa daga Maraɗi. Rabo ya zo kansa, ya ce, "Haba, wannan ai wasan yara ne. A ɓoye!" Doka ce, haka aka raba.

Baba ya ɗauki biyar ɗinsa ya jera da kyau. Biyu daga ciki fuskarsu na kallon jama'a. Wayyo Allah! Ina tsaye a bayansa da butar shayi. In na gyara masa, na tona shi. In na bari, ga shi kowa na gani. Sai ya tura dabino uku yana murmushi ya ce, "Yau kam sai kun yi kuka."

Baƙon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kifa tasa kartar ya ce ya janye. Mutumin kirki ne, amma kafin azumi oda ta ɗauke.

Yanzu ni ke zuwa Shiling, abokan nan kuwa kowa a wayarsa yake wasa. Baba yana Kano, ba ya ganin komai. Har yau yana ba jikokinsa labarin yadda ya razana Bamaraɗe da karta marar kyau, ni kuma in ce, "Ƙwarai, Baba, ina wurin."