Dukan Da Wendell Bai Yi Ba

Shekara ashirin da shida Wendell Stroud yana kaɗa wa ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu ganga, kuma bai iya kiɗa ba. Ko a coci ba ya iya tafi daidai da mutane. Aikinsa na ainihi kula da tukunyar tururi mai ɗumama ɗakunan kwana, a kwalejin kurame ta Millrace, can cikin duwatsun Pennsylvania. Ni ce tafintar ƙungiyar, don iyayena kurame ne, da hannu na fara magana kafin baki.

A ƙwallon Amurka, kafin a fara kowane hari, 'yan wasa kan durƙusa a jere, mai jagorantarsu ya yi ihu, na tsakiya ya miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, kowa ya zabura lokaci guda. To yaranmu ihun wa za su ji? Shi ya sa aka kawo ganga, ƙatuwa, ta kai ƙirjin mutum. Wendell ya tsaya a gefen fili ya narka mata sanda, dukan ya bi iska ya doki ƙirjin yaran. A duka na uku su tashi.

Kullum sukan tsokane shi da hannu, wai tsoho yau dukanka kamar na mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Shi kuma maganar hannunsa a karye take, ya tashi cewa zai ci ubansu sai ya ce zai ci takalminsu. Su yi ta dariya har da faɗuwa.

Kakar 1978 ta zo mana da baƙin jini. Shekara biyu ba mu ci wasa ko ɗaya ba, sai shugaban kwaleji ya faɗa ƙarara cewa in wannan kakar ma ta wuce haka, zai rushe ƙungiyar. Muka buga takwas, muka sha kashi takwas. Abin da ya fi ƙona min rai, kowa ya gane mu. Abokan hamayya suna da kunne, su ma ƙirga dukan suke yi, ɗaya, biyu, kafin na uku ya gama fita sun afko.

Wasan ƙarshe a filinmu ne, da wata kwalejin malamai ta ƙetaren kogi. Sanyi har cikin ƙashi, mutane sun rungume kofunan kofi, ciyawa ta daskare. Ban san me ya shiga yaran ba ranar. Saura daƙiƙa shida a tashi, suna da sha bakwai muna da sha uku, ƙwallo na hannunmu, yadi biyu kacal tsakaninmu da layin cin maki shida. Dama ɗaya ta rage. Koci Brubaker, shi ma kurma, ya nemi a tsayar da agogo.

Wendell bai taɓa sa baki a dabarar wasa ba. Sai ga shi ya bar gangarsa ya kutso tsakiyar yaran, ya kama hannun rigata.

“Loretta, fassara min, kar hannuna ya ɓata zancen. Ki ce musu ba zan yi na ukun ba.”

Na ce ya haukace ne? Ya ce in fassara kawai, malama. Zai buga biyu, ya ɗaga sanda ya tsaya. Waɗancan za su zauna jiran ƙara. Namu kuwa kowa ya sa wutsiyar idonsa a kan ƙwallo, da Curtis na tsakiya ya motsa ta, su tashi. Koci ya ce ba su taɓa gwada haka ba ko sau ɗaya. Wendell ya ce ai shi ya daɗe yana kallonsu, sau tari kafaɗunsu kan motsa kafin sandarsa ta sauka.

Aka koma layi. Ya buga ɗaya. Ya buga biyu. Ya ɗaga sandar sama da hannu biyu, ya ƙame.

Wallahi ban taɓa jin fili ya yi tsit haka ba. Ina kallon ƙattin can sun karkata kai suna sauraro. Yaranmu goma sha ɗaya suka tashi kamar mutum guda, babu ƙara, babu ihu, sai karon kafaɗa. Kafin waɗancan su farga an ture su baya, yaronmu ya faɗa bayan layi da ƙwallo a ƙirji. Na tsinci kaina ina kuka. Da na waiga, Wendell na nan yadda yake, sanda a sama, bakinsa a buɗe. Har yau in na tuna sai na ji tsoron Allah ya kama ni.

Muka ci wasan, ƙungiya ta tsira. Amma abin da fili duka ya gani, koci ma ya gani. Da bazara ya kira Wendell ofis, ya kira ni in fassara. Koci ya yi ta juya hula, sannan ya ce daga bana da ido za a riƙa tashi, ba a bukatar ganga kuma.

Na ƙi faɗa. Na ce wa koci da hannu wannan butulci ne, ya nemi wani bakin, ba nawa ba. Wendell ya dube ni ya ce in daina wahalar da kaina, wannan kam ya karanta da kansa.

Na tambaye shi cikin fushi ko ya san haka za ta faru ranar da ya ba da shawarar.

“Na sani mana. Shekara goma na san sun fi hannuna sauri, na yi shiru don ina son tsayuwar nan a gefen fili.” Ya share ido da bayan hannu. “Ki ce wa koci ya yafe min. Da na yi magana tuntuni, da yaran nan ba su sha kashin da suka sha ba.”

Na juya wajen koci, na ɗaga hannuwana. Na fassara masa duka, ban rage komai ba.